Akwatin Hoton Muɗɗalibi

Sunana Abdulmuɗɗalib, amma a ƙauyenmu na bakin tur'a, wato babbar magudanar ruwan noma, kudu da garin Hajj Abdalla, ba mai wahalar da bakinsa, Muɗɗalibi ake ce mini. Kakanninmu daga ƙasar Sakkwato suka taso za su Makka, auduga ta tsare su a Jazira ta ƙasar Sudan, mu kuma muka gaji gona da fartanya da niyyar ƙarasa tafiyar. Ni dai ban gaji son fartanya ba. Baki na gada, kuma na yi masa hidima gwargwadon iko.

Na taɓa yin ɗan zama a birnin Madani ina sayar da ruwan sanyi a ƙofar wani hawaja, wato Bature, mai shagon hoto. Ban taɓa tsallake dokin ƙofarsa ba. Amma da na dawo gida, duk wanda ya zauna kusa da ni a wurin shan gahawa sai ya ji yadda hawajan nan ba ya taɓa komai a shagonsa sai ya ce, "Muɗɗalibi, yaya ka gani?"

Shekarar da abin ya faru, Turawan Ingilishi ba su daɗe da tafiya ba. An gama tsinkar auduga, na hau jakina na tafi kasuwar Wad Haddad sayen gishiri. A can na tarar magadan wani tsoho mai hoto sun baza kayansa a tabarma. Akwatin katako ne mai ƙafa uku, da idon gilashi a gaba, da baƙin hannun riga a gefe inda ake zura hannu a wanke hoton a ciki nan take. Ga baƙin ƙyallen rufa, ga kwalaben magani, ga damin takardar hoto. Ban tsaya dogon ciniki ba. Na je a kan jaki, na dawo da akwati a kaina.

Matata Indo tana tankaɗe a tsakar gida na shiga.

"Sannu da zuwa, Malam. Ina jaki?"

Na sauke akwatin na ce, "Ga shi."

Ta tashi ta zagaya shi. "Wannan ƙafa uku gare shi. Namu huɗu ne."

"Wannan ba ya cin kara."

"Awo. Yana ɗebo ruwa daga tur'a?"

"Mutum yake ɗebowa ya zuba a takarda."

"To gishirin fa?"

Na ce mata matar mai hoto ba ta maganar gishiri. Ta ce to miyar mai hoto ma ba za ta yi maganarsa ba, kuma haka aka yi.

Kashegari na sanar a wurin gahawa cewa daga Makwar har Madani an daina kai wa hawaja fuska. Zan buɗe shago a Hajj Abdalla, da allo a ƙofa, masu hoton kasuwa kuwa su fara neman gonar haya. Aminina Gambo wanzami ya ce shi zai fara, don in na zama babban mutum a tuna da shi.

Na zaunar da shi a kan kujera a jikin katangar gidana, rana tsaka. Mutane suka taru. Na shiga cikin baƙin ƙyalle na leƙa. Ga Gambo nan a gilashi, tsaf, har da tsagen kumatunsa. Abu ɗaya ne kawai: kansa yana ƙasa, ƙafafunsa na sama.

"Gambo, zauna daidai."

"Daidai nike."

"Kanka yana ƙasa."

"Kaina yana inda Allah ya aje shi."

Na fito na kife akwatin, ƙafafunsa uku suna kallon sama, na durƙusa na sake leƙawa. Gambo yana nan kai ƙasa. Iya Sakinatu mai ƙosai, wadda ba a taɓa yin abu a ƙauyen nan ba a kan idonta ba, ta ce, "Ko jakin ne ke ramawa?"

Aka yi dariya. Ni kuwa ba na son dariyar da ba ni na jawo ta da gangan ba. Na miƙe na ce, "Ku ba ku san aiki ba. A Madani mutum ake juyawa. Hawaja ma haka yake yi wa manyan gwamnati."

Gambo ya ce, "Manyan gwamnati?"

"Har da alƙali."

To tun da har da alƙali, Gambo ya yarda. Mutum biyu suka kama ƙafafunsa suka jingina shi da katanga, kansa a kan matashi. Jallabiyarsa ta zubo ta rufe masa fuska, duk ƙauye ya ga facin wandonsa. Na sa aka kawo igiya aka ɗaure jallabiyar a gwiwa. Na leƙa, sai ga Gambo tsaye kyam kamar soja. Na ce ma sha Allah, na sa takarda, na cire murfin ido.

Na sha ganin hawaja daga nesa yana cire murfin nan ya mayar, amma ban san tsawon lokacin da yake bari ba. Na ga dai abin da ya fi shi ne a bar akwati ya ƙoshi.

Gambo ya ce daga ƙasa, "An gama?"

"Kar ka yi magana, bakinka zai fito biyu."

"Idona zai faɗo."

"Riƙe shi."

Sai da jijiyoyin wuyansa suka tashi kamar igiyar guga, masu riƙon ƙafa suka gaji suka sake shi ya zube, sannan na mayar da murfi. Na zura hannu na tsoma takardar a wannan magani, na tsoma a wancan, na zaro ta na ɗaga sama. Baƙa ƙirin, kamar gindin tukunya.

Gambo ya rarrafo ya duba. "Ina nike?"

"Kana ciki. Jinin da ya taru a kanka ne ya tare haske."

Ya kakkaɓe jikinsa ya ce, "Ma'alesh, ba komai. Ran da ka zo aski, ni ma kai ƙasa zan yi maka."

Da na shiga gida Indo ta ce, ba tare da ta ɗago daga wanke-wanke ba, "Malam, in hoto ya fito kai ƙasa, ba sai ka juya takardar ba?" Na ce mata ai abin da nake shirin tunani ke nan ta katse ni.

Daga nan na koma kan kaji da katanga da turmi, ina ta ɓarnar takarda, har na gano cewa cirewa da mayar da murfin nan bai fi ƙiftawar ido mai nauyi ba. Ran da turmi ya fito a takarda ban iya cin abinci ba don murna. Ban damu da cewa turmin ya fito fari ba, na ɗauka rana ce ta haske shi.

Iya Sakinatu ta zo da kanta, ta sha sabon zane da farin kallabi, ta ce tana so ta aika wa ɗanta da ke aikin dam a Rusairis. Ta zauna, na ɗauka, na wanke, na zaro. Ga Iya nan, kowa ya gane ta. Sai dai fuskarta fara fat kamar an shafa mata garin dawa, farin kallabin ya koma baƙi, haƙoranta baƙaƙe, idanunta kamar na mage a duhu.

Ta riƙe takardar nesa da jikinta. "Muɗɗalibi, mi na yi maka?"

Mata suka matso, wata ta fara a'uziyya. Na ga sana'ata za ta mutu tun ba ta yi rarrafe ba. Bakina kuwa bai taɓa jiran shawarata ba.

"Iya, ki gode wa Allah. Akwatin masu hoton kasuwa fata yake ɗauka. Wannan na manya ne, hasken zuciya yake ɗauka. Wannan farin da kike gani, sadakar ƙosan da kike ba marayu ce."

Iya Sakinatu ba ta taɓa ba kowa gyara ba, balle sadaka. Ta matso da takardar kusa da idonta ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ai kuwa ni na san ba banza ba."

Kafin Juma'a ta zagayo ƙofar gidana ta zama kasuwa. Wannan ya zo da ƙwai, wancan da kwanon dawa, kowa na son ganin hasken zuciyarsa. Ƙauyenmu kuwa baƙaƙe ne, don haka kowa ya tashi da fuskar waliyyi. Na fara tafiya da hannu a baya. Na daina amsa sallama in ba a ce Usta Muɗɗalibi ba, kamar yadda ake kiran gwanayen sana'a.

Sai rana ɗaya mutum biyu suka zo a jere. Na farko Ɗan'auta, baƙi wuluk, wanda kowa ya san shi ke karkatar da ruwan gonar maƙwabta zuwa tasa. Na biyu limaminmu Malam Salihu, Bafulatani ne, fari sol, mutumin da ko kazar wani bai taɓa kora da ƙarfi ba. Bai zo don kansa ba, dattawa ne suka matsa masa. Na ɗauke su duka, na zaro takardun a gaban jama'a, ban ko duba ba.

Ɗan'auta ya fito kamar wata daren sha huɗu. Liman ya fito toka-toka, kamar wanda ya kwana a murhu.

Ɗan'auta ya ɗaga tasa ya ce, "To, masu cewa ina satar ruwa, ga shaida."

Wani dattijo ya ce, "Usta, yi mana bayani."

Na ce, "Malam tawali'u ne ya yi masa yawa. Ɓoye haskensa yake yi."

"Shi kuma Ɗan'auta?"

"Ruwa ai tsarki ne. Mai yawan hulɗa da shi dole ya yi haske."

Malam Salihu ya yi murmushi ya ce, "Muɗɗalibi, akwatin nan naka zuciya yake gani?"

"Wani lokaci, Allah gafarta Malam."

"To zauna a kujerar, ka nuna wa Gambo inda ake cirewa, mu ga taka."

Na ce doka ta hana mai hoto shiga akwatinsa. Liman ya ce to shi ma akwai dokar da ya sani, ta hana ɗan Adam da katako shiga abin da Allah kaɗai ya sani, in na sake faɗin wannan magana zai ambace ni da suna a huɗuba. Daga ranar na canza. Na ce hoton zamani ne, haka ake yayi a Masar.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma a shekarar ne surukina, Baba Yakubu mahaifin Indo, ya samu tafiya hajji. A bayan uwarsa ya baro Sakkwato, ya binne iyayensa a Jazira ba su ga teku ba, ya tsufa yana cewa baɗi. Wannan karon ya sayar da shanunsa ya shirya. Abin da ya rage kawai hoton da za a manna a takardar tafiya. Wakilin alhazai ya ce a kawo masa ran kasuwar Hajj Abdalla kafin azahar, don da yamma jirgin ƙasa zai kwashe su zuwa Bur Sudan.

Indo ta ce, "Malam, ka bar Baba ya je wurin Usta Sodangi na kasuwa. Shekara da shekaru shi ke yi wa alhazai."

Na ce, "Surukina, da mai hoto a gida, ya je ya zauna gaban bare? Mi za a ce da ni?"

"Mi za a ce da shi nike tsoro."

Na je da kaina na durƙusa gaban tsohon na ce wannan hidimar tawa ce. Kunyar suruki ta hana shi cewa a'a. Na zaunar da shi a bakin garke inda haske ya fi, iska na kaɗa ƙafar akwati, ƙuda na damunsa yana kaɗa kai. Hoto ya fito. Ya duba farar fuska da baƙin rawani, ya shafa farin gemunsa ya ce, "Gemun ya koma baƙi."

"Ai zamani ke nan, Baba."

"To. Na yi ƙuruciya."

Ran kasuwa duk ƙauye ya yi masa rakiya, da ƙunshe-ƙunshen guzuri. Ni ma na ɗauko akwatina a ka, don na ga ranar ce zan kafa shi a tsakiyar kasuwa mutanen gari su san an zo. Wakilin alhazai yana zaune a gindin bishiya da tebur, alhazai sun yi layi. Da aka zo kan Baba Yakubu, na karɓi hoton na miƙa da hannuna, don a san mai aikin.

Wakili ya dubi hoton, ya dubi tsohon, ya sake duban hoton. Ya ce da Larabci, "Da minu?" Ya maimaita da Hausa, "Wane ne wannan?"

Na ce, "Shi ne. Salon Masar ne."

"Na zauna a Masar, ban ga mai baƙin haƙori haka ba. Wannan in ya sauka Jidda cewa za a yi aljani ya saci takardar tsoho." Ya mayar da hoton ya ce, "Ya hajj, in ba ka kawo na kirki kafin kiran salla ba, na rufe. Sai baɗi."

Baba Yakubu ya karɓi takardar, ya tsaya yana kallon ƙasa. Kalmar nan baɗi ita ya yi ta ji tun yana yaro. Indo ta dube ni sau ɗaya, ban ƙara yarda mun haɗa ido ba. Akwatin da ke kaina ya yi nauyin da jaki bai taɓa yi ba.

Gambo ne ya kama hannun tsohon ya ce a tafi wurin Sodangi. Muka ɗunguma, 'yan kasuwa suka biyo mu don sun ji ƙanshin kallo.

Usta Sodangi Bahaushe ne mutumin Mai Wurno, gajere, yatsunsa sun rine da maganin hoto. Akwatinsa irin nawa ne sak, har na ji sanyi a raina. Ya karɓi hoton ya juya shi.

"Wa ya yi wannan?"

Jama'a suka dare gida biyu, suka bar ni tsaye a tsakiya da akwati a ka.

Ya ce, "Sannu abokin aiki. Wannan ai rabin aiki ne. Ina sauran?"

"Wane saura?"

A gaban akwatin Sodangi akwai wani ɗan katako mai hannu, ya ɗago shi ya tsaya daidai idon gilashi, ya manna hoton Baba a kai, ya ɗauki hoton hoton. Yana wankewa yana cewa, "Na farko kullum a juye yake fita, fari baƙi, baƙi fari. Sai ka sake ɗaukarsa ya dawo mutum. Naka akwatin ba shi da wannan katakon?"

Indo ce ta amsa daga cikin mata. "Yana gida, Usta. Kuɓewa nike yankawa a kai. Shi Malam ya cire ya ba ni, ya ce ado ne."

Kasuwar Hajj Abdalla ta yi dariyar da har masu raƙuma suka leƙo. Na ce a Madani ba a amfani da shi. Sodangi ya ce shi ya yi shekaru yana aiki a Madani, wane shago? Na faɗi sunan hawajan. Ya ɗaga kai ya ƙare mini kallo, ya ce, "Haba, ni na ce na san fuskar nan. Ba kai ne mai ruwan sanyi ba?"

Kafin wannan dariyar ta lafa ya zaro takarda ta biyu. Na ce a raina ko ba komai yanzu za a ga rabin aikina mai kyau ne. Ga Baba Yakubu nan da baƙar fuskarsa da farin gemunsa. Sai dai kunne ɗaya ya rage a waje, hanci biyu ne, kuma saniyar da ke bayansa a garke, wadda a hoton farko ta ɓace cikin duhu, ƙahoninta sun fito ta saman rawaninsa, ɗaya dama ɗaya hagu.

Tsohon ya duba ya daɗe. Ya ce, "Hancin na yafe. Ƙahon ne ban san inda zan kai shi ba."

Sodangi ya ce a zaunar da shi a sake sabo, lokaci ya ƙure. Ya rataya farin ƙyalle a baya, iska ta ɗauke shi. Ya sake ratayawa, ta sake ɗaukewa. Ladan ya riga ya nufi masallaci. Sodangi ya juyo ya ce mini, "Abokin aiki, sauke jakin nan naka ka zo ka riƙe mini. Ka tsaya a baya, kar a ga komai naka."

Haka Usta Muɗɗalibi, wanda zai kori masu hoto daga Makwar har Madani, ya tsaya a bayan ƙyalle hannuwa sama kamar ɓarawon da aka kama. Ina jin Sodangi yana gyara wa tsohon zama, yana jiran iska ta faɗa, yana cewa ɗaga haɓa kaɗan. Kafin a ce haka an gama, ya datse gefen hoton da almakashi, Gambo ya ruga da shi da jiƙonsa. Wakili ya manna ya buga hatimi ana kabbarar farko ta kiran salla.

Bayan salla mutanen ƙauyenmu suka yi layi gaban Sodangi, kowa ya zaro hasken zuciyarsa daga aljihu a juya masa. Iya Sakinatu ta ga nata na gaskiya ta ce wannan tsohuwar ba ta san ta ba. Ɗan'auta kaɗai ya ƙi. Ya ce nasa ya yi masa haka.

Da jirgi ya tashi da alhazai, na koma wurin Sodangi na zauna a ƙasa na ce ya koya mini. Ya ce sharaɗi ɗaya ne, in rufe baki in buɗe ido. Na biyun bai yi mini wuya ba. Duk ran kasuwa ina can, ina wanke kwanonin magani, ina riƙe ƙyalle, na karɓo katakona daga hannun Indo yana warin kuɓewa. Kafin alhazai su dawo na kai inda nake ba kowa hanci ɗaya, in dai ba a yi iska ba.

Ran da Baba Yakubu ya dawo, ana ta zuwa gaisuwa ana shan zamzam, ya kira ni gaban mutane ya buɗe takardar tafiyarsa. Hoton ya yi kyau, aikin gwani. Amma can sama, a bakin farin ƙyalle, ga kawunan yatsu nan a jere sun leƙo, wasu ta dama wasu ta hagu.

Ya ce, "A Jidda wani askari ya tambaye ni na wane ne. Na ce na mijin ɗiyata ne. Ya ce shi ma ya zo hajji? Na ce a'a, yatsun ya aiko su fara duba mishi hanya."

Gambo ya kama hannuna ya ɗaga ya shafa a fuskarsa don neman tubarraki. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ce mini Muɗɗalibi a ƙauyen nan, balle Usta. Alhaji Yatsu ake ce mini, har jikokina.